Malama Kulu, mai yi wa yara raɗa

Malama Kulu ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rubuta layin nan na goge, na sake rubutawa, har yanzu in na kalle shi sai in ga kamar wani ne ya ɗauki wayata.

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina tsugune ina dama koko, maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke, kin ji Malama Kulu ta cika da asuba?" Na ce wace Malama Kulu? Kamar akwai wata. Kokon ya yi gudaji a hannuna, ban ma san na daina juyawa ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar aji ɗaya ce a firamaren unguwarmu a nan Jega. Aji ɗaya kawai. Ta koyar da ni, ta koyar da ƙannena, bara kuma ta koyar da 'yata. An sha yi mata tayin manyan azuzuwa, takan ce a bar ta da 'yan majinarta.

Kuma yau ɗin nan ne ta yi mini alkawarin za ta zo gidanmu, ta roƙi surukata kada a cire 'yata daga makaranta.

Ku yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo. In ban faɗa yau ba, ban san ranar da zan iya ba.

Duk wanda ya san Malama, muryarta ya fara sani kafin fuskarta. In tana gaisawa da mai tumatir a bakin titi, baƙo sai ya ɗauka faɗa ake yi. Mu a unguwa mukan ce in Malama ta ja ki gefe ta ce za ta gaya miki sirri, to ki haƙura, har mai shayi ya ji.

Amma ban taɓa ganin wanda ya kai matar nan iya raɗa ba.

Satin farko na sababbin yara, ba ta taɓa alli. Wasa ake yi. Sai ta ce kowa ya rufe ido, ta cire takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta riƙa bin bayanmu a hankali. In ta zo kanka sai ta toshe maka kunne ɗaya da yatsa, ta raɗa maka wani abu a ɗayan. Gyaɗa. Rake. Ɗan akuya. Kai kuma ka faɗi abin da ka ji da ƙarfi. Sannan ta zagaya ɗaya gefen.

Wanda ya faɗa daidai a tafa masa. Wanda bai ji ba shi ma a tafa masa. Shi ya sa ba mu taɓa sanin wani abu take nema ba.

Washegari sai ka ga an sauya wa wasu wurin zama. A sauran azuzuwa da tsawo ake zama, gajeru a gaba, dogaye a baya. A ajin Malama kuwa sai ka ga zabgegen yaro a bencin farko ya tokare bango, 'yar ficiciyar yarinya kuma tana tsakiya. Baƙon malami in ya leƙo sai ya ce ajin ba tsari. Malama ta ce, "Bar mani kayana, na san inda na aje kowa."

Ba ta kuma magana tana fuskantar allo. Sai ta gama rubutu, ta juyo, ta jira har idon kowa ya dawo kanta, sannan ta buɗe baki. A lokacin mun ɗauka yanga ce.

Ni kunnuwana lafiya lau. Matsalata taga ce.

Tun ina ƙarama haka nake, in na kalli waje na ga gajimare, shi ke nan na tafi. Da wani malamin ne, da tuni na sha bulala. Ita sai ta zo ta durƙusa a gabana har fuskarta ta zo daidai da tawa, warin goro na tashi, ta ce, "Ina kika tahi yau? Makka ko Legas?" In na ce Makka, ta ce, "To dawo, an tashi ki ba ni labari." Kuma wallahi in an tashi sai ta tare ni a ƙofa ta ce ina labarinta.

Ranar Juma'a takan fara mana tatsuniya, ta kai daidai inda kura ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ta rubuta abin da ya biyo baya a allo, 'yan kalmomi kaɗan, ta ce wanda ya iya haɗa baƙin shi zai riga kowa sani. Saboda kurar nan na koyi karatu. Yau in shinkafa ta kama ina kwance da littafin soyayya a hannu, maigidana yakan ce ba laifina ba ne, Malama Kulu zai kai ƙara.

Kada ku ɗauka laushi gare ta kamar auduga. Iyaye sun sha wuya a hannunta. In yaro ya zo bai karya ba, sai ta saya masa ƙosai, in an tashi kuma ta bi shi har gida ta yi wa uwar tatas daga bakin zaure. Da muryar nan tata, kafin ta gama duk layin sun san wanda bai ba ɗansa kalaci ba.

To, ga yadda na san dalilin raɗar.

'Yata ta fari ce, don haka ba za ku ga sunanta a rubutun nan ba. Na san 'yan zamani za su yi mini dariya. Haka na taso na ga uwata tana yi da yayanmu, haka ni ma nake yi, balle a gidan miji. In ina son ta zo, sai in dafa kafaɗarta, ko in yafuto ta da hannu, ko in ce "ke" in muka haɗa ido. Tsakanina da ita ba a taɓa samun matsala ba.

Amma kowa kuka yake da ita. Babanta ya ce sai ya kira ta ya gaji kafin ta amsa. Malamin allo ya ce tana jin sa take share shi. Inna, mahaifiyar maigidana, duk zuwan da za ta yi daga Mungadi sai ta ce yarinyar nan ta raina mutane. Ni kuma in yi ta mamaki a raina, don ni ban ga taurin kan ba.

Satinta na farko a aji ɗaya, Malama ta aiko a kira ni.

Na same ta ita kaɗai a aji bayan an tashi, tana zaune a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa kai haɓarta. Ta ce, "Amaryar littafi, zauna." Haka take kirana tun da na yi aure.

"Ɗiyag ga ta taɓa ciwon kunne?"

Na ce ta yi ƙyanda tana ƙarama, kunnen ya yi ta ruwa, daga baya ya daina.

"Na dama?"

Na tsaya ina tunani.

"Na dama ne," in ji ta. "Ba ta ji da shi ko kaɗan. Na hagun kau ras yake."

Na ce, "Malama, ni fa ban taɓa lura ba."

"Ina za ki lura, ke da ba ki kiranta? 'Yar fari ce ko?" Sai ta kwashe da dariya har tana buga benci. Ni idona ya kawo ruwa, ita tana dariya. Da ta ga fuskata sai ta tsaya, ta ɓara goro ta miƙo mini rabi, ta ce, "Share. Haka tawa uwar ta yi, kuma ba ta ƙi ni ba."

A ranar ta ba ni labarinta.

A Danwarai aka haife ta, ita ma 'yar fari. Wata bazara sanƙarau ya shigo garin. Ta kwanta, ta tashi, aka yi ta godiya ga Allah, ba wanda ya san ciwon ya tafi da kunnenta na dama. Uwarta ba ta kiranta. Sauran mutanen gida kuma in suka kira ba ta amsa ba, sai su ce kunya ce, wasu su ce hali ne.

Da aka sa ta makaranta, da yake doguwa ce, sai aka kai ta can baya a lungu. Kunnen mai ji yana kallon bango, mataccen yana kallon malami. Shi kuma malamin yana magana yana rubutu, ƙeyarsa kawai take gani.

Ta ce, "Sai in ga yara sun ɗaga hannu, ni ma in ɗaga. A ce tashi ki hwaɗi, ban san mi anka tambaya ba. A ce miƙo hannu."

Ta maimaita aji ɗaya. Yara suka sa mata suna, ba ta gaya mini sunan ba, ni ma ban tambaya ba. Aka fara maganar a bar ta gida ta yi ta tsinkar albasa, tunda kan ba ya ɗauka.

Goggonta ce ta gano, wajen kitso. Ta kwantar da kanta a cinya tana kitsa gefe ɗaya suna ta hira. Da ta juya ta, kunnen hagu ya danne a cinya, sai hirar ta mutu. Goggo ta yi ta zuba ita kaɗai. Ta sake juya ta, hira ta dawo. Ta ajiye tsinke ta tafa hannu ta kira mutanen gida.

"Benci kawai anka sauya mani," in ji Malama. "Benci! Ba allura, ba rubutu, ba komi. Ni kau da na zama malama na ce ba wani ɗa da za ya shiga hannuna in hora shi kan abin da bai jiya ba."

Na ce, shi ya sa kika ƙi barin aji ɗaya?

Ta ce, "In ba a gano a aji ɗaya ba, zuwa aji ukku yaron da kanshi ya yarda shi daƙiƙi ne. Daga nan kuma ko ka gano ka makara."

Duk shekarun da na yi ina jin muryar nan, ban taɓa kawowa cewa ba ta jin ƙarfin muryar tata ba ne.

Maigidana ya kai yarinyar asibiti, suka tabbatar da maganar Malama, suka ce a kula da kunnen da ya rage. Malama ta ajiye ta a bencin gaba, damanta na jikin bango, hagunta na kallon aji. Kafin zango na biyu ya ƙare, yarinyar da ake cewa ba ta ɗauka ta fara bin allunan shaguna tana haɗa baƙi. Wata rana ta ɗauko littafina daga ƙarƙashin filo, ta zauna gaban babanta ta karanta da ƙarfi, "Ma… so… yi… ya… ta." Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "To, an samu ta biyu."

Mutum ɗaya ce ba ta karɓi maganar ba. Inna.

Ba don ba ta son jikarta ba. Son ne ma ya kawo haka. Ranar da ta ji, cewa ta yi, "Jikata ba kurma ba ce. Ku zauna nan a liƙa mata suna, gobe wa za ya aure ta? Taurin kai ne, kuma ni na san maganinshi." A ganinta makarantar ce ta ɓata wa yarinya suna, malamar ce ta ƙago zancen.

Da hutun nan ya zo sai ta yanke hukunci. Za ta tafi da ita Mungadi ta riƙe ta. Kun san jikar fari ta kaka ce in ta nema, balle Inna ita kaɗai ce a ɗakinta yanzu. Boko kuma an gama, allo ya ishe ta, a can ba wanda ya san zancen kunne.

Maigidana yana Kudu, ya bi motar albasa daga Aliero. Na kira shi a waya, ya ce, "Ki yi haƙuri. Kin san ba na iya ja da Inna."

Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yin dogon zance a gabanta ba. To, Inna. Na gode, Inna. Iyakata ke nan.

Shi ya sa satin da ya wuce na tafi wajen Malama. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Na same ta kwance a tabarma a inuwar darbejiya, ƙafafunta sun kumbura. Ta daɗe tana fama, amma ba ta son a tambaya. Na je zan zauna a damanta, ta ce, "Zagayo nan, kin san waccan ƙohwar a kulle take."

Na fara magana kuka ya ci ƙarfina. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Yaushe Innar taku za ta taho?"

Na ce ranar Talata, ta kwana biyu su wuce.

"To Alhamis ina nan tahe. Ni da ita tsohhi ne, mun san yadda muke yi da juna."

Na ji kamar an sauke mini dutse. Na fara godiya, ta ɗaga hannu.

"In kuma ƙahwag ga ta hana ni, ke ma Allah ya ba ki baki. Ba karatun labarin wasu kaɗai anka halicce ki ki yi ba."

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce irin tata. Ta jawo littafin da na ara mata daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini, ta ce yarinyar ciki ta cika kuka, in kawo mata wanda ake aiki a ciki. Na kai zaure na ji ta ɗaga murya, "Ki gaishe mani da ɗalibata!" Na tabbata har masu kabu-kabu a bakin titi sun ji.

Duk satin nan ina ta tsara yadda abin zai kasance. Na ga Malama ta yi sallama, ta zauna, ta yi magana mai ratsa jiki, Inna ta fashe da kuka, kowa ya yafe wa kowa. Har kayan da za ta sa na zaɓa mata a raina. A littattafan da nake karantawa, mutum ba ya mutuwa sai ya gama abin da aka kawo shi yi.

Yau Alhamis. Na share tsakar gida tun da sassafe, na ajiye goro.

Da maƙwabciya ta faɗi labarin, Inna tana bakin ɗaki da carbi. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ko ban yarda da maganatta ba, ta riƙe mani jika shekara guda. Ɗauko mayahi mu tahi." Muka bar yarinyar tana barci, maƙwabciya na duba ta.

Ban taɓa ganin layin su Malama ya cika haka ba. Maza har bakin titi. Cikin gida ba inda za ka sa ƙafa. Ga 'ya'yanta, ga jikoki, ga malamai, ga matan da ta yi wa faɗa a bakin zaure, su ne ma suka fi kowa kuka. Wata Bafulatana ta taho tun daga rugarsu, tana magana tana haɗa Hausa da Fulatanci, tana faɗin yadda Malama ta gano ɗanta ba ya hangen allo.

Muna zaune kusa da ƙanwar Malama. Wata ta ce, "Allah sarki, mai murya." Sai ƙanwar ta ce, "Ai kunnenta guda ne tun tana ƙarama, shi ya sa."

Inna ta juyo. "Wa? Ita malamar?"

"Ita hwa. Sanƙarau."

Na ga Inna ta bi gidan da kallo. Ta dubi 'ya'yan, ta dubi jikokin, ta dubi ƙofar da mutane ke ta shigowa. Muka yi ta'aziyya muka dawo gida.

Na ɗauka shi ke nan, ta fasa tafiya da yarinyar. Amma bayan azahar sai na ga ta jawo jaka ta fara ninke kayan yarinyar. Ta sa atamfofi, ta sa hijabai, ta sa takalmin Sallah. Ta ɗaga yunifom ta duba, ta mayar kan igiya.

Yunifom ɗin nan a kan igiya shi ya tayar da ni.

Ban san lokacin da na je na durƙusa a gabanta ba. Na ce, "Inna, ina da magana."

Ta dube ni kamar akuya ce ta yi sallama. "Ke?"

Na ce, "Ina son in nuna miki abu ɗaya. In kin gani kin ce taurin kai ne, ni da kaina zan ɗaukar muku jakar zuwa tasha."

Yarinyar tana zaune a bakin ƙofar kicin ta ba mu baya, tana yi wa 'yar tsanarta kitso. Maƙwabta suna daka.

Inna ta ce, "In wasan nan na malamarsu ne, ta hardace shi. Ta san inda za ta yi shiru."

Na ce, "Ba wasan ba ne, ba ta ma san ina zuwa ba. Inna, kin san tun da na haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba. In ta ji shi daga gare ni, ko taurin kan duniya gare ta sai ta waiwayo."

"Sunanta? A gabana?"

"A gabanki, Inna. Ki yafe mini."

Na cire takalmi. Na je bayan yarinyar ta gefen dama, na sunkuya, na raɗa sunanta.

Ta ci gaba da kitsonta.

Na sake. Har numfashina ya motsa bakin ɗankwalinta, ta kai hannu ta kore shi kamar ƙuda.

Na zagaya hagu. Na faɗa a hankali, ƙasa ma da na farko.

'Yar tsanar ta faɗi. Ta juyo gaba ɗaya, idanu waje, ta dube ni, ta leƙa bayana ko akwai wani. Ta ce, "Mama, ke ce kika kira ni?"

Na gyaɗa mata kai.

Inna ta ajiye kayan da take ninkewa. Can ta miƙa hannu ta ce, "Taho nan." Yarinyar ta je. Ta ɗora ta a cinya, ƙatuwar yarinya, ta kama kunnen daman tana shafawa da babban yatsa. Ta ce, "Duk kiran da na yi ta yi maki ina zagi. Ashe ba raina ni kike ba." Ta ja bakin mayafi ta goge fuska, ta ce hayaƙin maƙwabta ne.

Sannan ta dube ni. "Ke kuma marar kunya, tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Na kai bakin ɗaki ta ce, "Yaushe za a koma makarantar?"

Na ce Litinin.

"Wa ke aji biyu?"

Na ce wani sabon malami ne, ban san shi ba.

"To ba ni tahiya sai Litinin ta wuce. Ni zan kai ta da kaina, in nuna mashi inda za ya aje ta. In an bar ku, ke da mijin naki, sai ku tsaya kuna sunkuyar da kai har ya kai ta lungu." Ta turo jakar da ƙafa. "Zazzage. Amma duk hutu wurina za ta yi shi, ko kwana guda ba ni yahewa."

Na zazzage. Ina yi ina kuka, ban san na wanne ba ne.

Na kira maigidana na gaya masa duka biyun, rasuwar da maganar Inna. Ya yi salati, sannan ya ce, "Ke kika yi wa Inna magana? Ke ɗin?" Na ce ni ɗin. Ya ce in ya dawo sai ya ji daga bakin Inna kafin ya yarda.

Tun ɗazu yarinyar take bina tana jan zanina, wai in sake faɗin sunanta. Na ce ta bari sai Inna ta koma Mungadi.

Ban gaya mata Malama ta rasu ba tukuna. Ta san mun fita, ba ta san ina ba. Ta ma tambaye ni ko baƙuwar da aka share gida dominta ta fasa zuwa. In na ajiye wayar nan zan zaunar da ita, ta gefen da take ji, in gaya mata.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Duk yaron da ta durƙusa a gabansa, duk wanda ta sauya wa benci, duk bulalar da ta hana sauka, ka sa ta same su a mizani. Ka sa ta ji kiran shiga Aljanna da kunnuwanta duka biyu. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ka ba 'yan aji ɗaya na bana wanda zai tsaya ya duba su.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, kada ka wuce ba ka yi mata addu'a ba. Ku da kuka zauna a ajinta, a Jega kuke ko Aliero ko Maiyama ko duk inda rayuwa ta kai ku, ku sa ta a sujadarku ta yau.

Ni ma ku sa ni, Allah ya ba ni bakin da zan gaya wa yarinyar nan.